A Gaishe da Masu Tukunyar Waje, Amma da Sauran Rina a Kaba

Ranar 2 ga Fabrairu, 1996, a kusa da wani ɗan gari mai suna Tower a arewacin jihar Minesota ta Amurka, sanyi ya sauka har digiri 51 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyas. Har yau jihar ba ta sake auna irinsa ba. A ƙasa irin wannan, daga Oktoba zuwa Afrilu, ɗumin ɗaki yana sahu ɗaya da abinci da ruwan sha. Gidan da wutarsa ta mutu dare ɗaya, ruwan da ke cikin bututunsa kan daskare ya tsaga bututun kafin gari ya waye. Mutanen birni ana turo musu iskar gas ta bututu har cikin gida. Mutumin karkara kuwa sai ya sayi gas na tanki ko man ɗumama, kuma farashinsu ba a hannunsa yake ba. A Janairun 2014 gas na tanki ya yi ƙaranci a jihohin tsakiyar ƙasar, galan ɗaya ya haura dala 4, gwamnoni suka yi ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan makamashi. Wanda ya cika rumfarsa da itace a wannan shekara, shi ya yi barci da ido biyu rufe.

Su nake son gaisarwa: magidantan Minesota da Wiskonsin da Mishigan, da na Vermont da Maine da ƙauyukan New York, da takwarorinsu na Manitoba da Ontariyo a Kanada, masu ɗumama iyalinsu da guminsu. Aikin ba na rago ba ne. Mutum zai shiga daji da injin zarto ya kayar da itace, ya yanka shi gungume-gungume, ya faskara, ya ɗauko, ya jera. Awon da suke yi da shi sunansa kod, wato tulin itace mai faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 4, tsawon ƙafa 8, kuma ba abin mamaki ba ne babban gida ya cinye kod 10 a hunturu guda. Sannan kullum, da asuba da kuma bayan isha'i, mai gida ko uwargida za su sa takalmin ƙanƙara su fita su ciyar da wuta, ko ana zuba dusar ƙanƙara ko ba a yi. Yabon gwani ya zama dole.

Abin da suke ciyarwar shi ne tukunyar waje. Ɗan ɗakin ƙarfe ne mai tsayin mutum, ana kafa shi a kan daɓen siminti can nesa da gida. A cikinsa akwai ramin wuta, ruwa kuma ya kewaye ramin, galan 100 ko 200, wasu ma fiye. Wuta ta ɗumama ruwan har ya kai wajen digiri 80, wani ɗan inji ya tura shi ta bututun roba da aka binne a ƙasa, ya shiga gida ya bi ta ƙarƙashin daɓe ko ta gaban fanka, ya sauke zafinsa, ya komo ta wani bututun a sake ɗumama shi. Hikimar a fili take. Wuta tana waje, don haka fargabar gobara ta ragu. Toka da ɓawon itace da ƙwarin da ke cikinsa ba sa shiga ɗaki. Tukunya ɗaya za ta iya ɗumama gida da garejin gyaran tarakta da ɗakin tatsar madara, ta kuma ba da ruwan wanka. Masu ƙera ta ma 'yan karkara ne. Kamfanin Central Boiler, ɗaya daga cikin manyansu, an kafa shi a 1984 a Greenbush, garin da mutanensa ba su kai dubu ba, kusa da iyakar Kanada. Abu ne da manoma da maƙera suka ƙago wa kansu don matsalar da ta dame su.

Sai dai tukunyar farko ta zo da aibi, kuma aibin yana cikin ƙirarta. Itace idan ya ɗauki zafi yakan fitar da wata iska mai cin wuta, kuma fiye da rabin ƙarfinsa yana cikin wannan iskar. Ba ta kamawa sai zafi ya kai wajen digiri 600. A tsohuwar tukunya bangon ramin wuta yana jingine da ruwa mai digiri 80, saboda haka iskar na taɓa bango sai ta huce, ta fita ta bututu ba ta ƙone ba. Abin da ido ke gani a matsayin hayaƙi, itace ne da aka sha wahalar faskarawa yake tafiya a banza. Ga kuma na biyu. Da zarar ruwan ya kai zafin da aka tsara, sai wata 'yar ƙofa ta rufe hanyar iska, wutar ta kwanta tana cin kanta a hankali, baƙar kwalta tana taruwa a bango. Idan gida ya nemi ɗumi ƙofar ta buɗe, sai hayaƙi ya turnuƙe. Duk macen da ta taɓa girki da ɗanyen itace a murhun da iska ba ta shiga, ta san wannan hayaƙin, ta san yadda yake sa ido ruwa da ƙirji nauyi. Bambancin kawai, bututun tsohuwar tukunya gajere ne, ƙafa 8 ko 10 daga ƙasa, daidai tagar maƙwabci. Mai tukunya yana ciki da ɗumi, hayaƙinsa yana ɗakin wani.

Dokar da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wato EPA, ta kafa wa murhun itace na cikin ɗaki a 1988 ba ta haɗa da tukunyar waje ba, don haka aka yi ta sayar da ita shekara da shekaru ba mai auna hayaƙinta. A 2005 ofishin babban lauyan gwamnatin New York, lokacin Eliot Spitzer, ya fitar da rahoto a kanta. A 2006 ƙungiyar hukumomin kula da iska ta jihohin arewa maso gabas, NESCAUM, ta fitar da nata. Ta ƙiyasta an sayar da fiye da 155,000 tun daga 1990, ta kuma ce ƙurar hayaƙin da tukunya ɗaya ke fitarwa ta kai ta murhun itace 22 masu takardar shaidar EPA, ko na'urar ɗumama mai aiki da mai 205, ko mai aiki da gas har 8,000. Ƙurar da ake magana ƙanana ce ƙwarai, sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi. Ba ta tsayawa a hanci, huhu take wucewa, daga nan ta taɓa jini. Masu fuka da tsofaffi masu ciwon zuciya da jarirai su ne kan gaba wajen shan wahalarta. Ita ce dai ƙurar da ke cikin hayaƙin girki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana da hannu a mutuwar mutane wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020, don haka ba baƙuwa ba ce a madafan ƙasar Hausa.

A nan akwai wasu da ba a cika gaisarwa ba, ni kuwa ina ganin sun cancanta: maƙwabtan da suka buɗe baki. A ƙauyen da kowa ya san kowa, inda mai tukunyar shi ne zai zo da taraktarsa ya share maka hanya idan ƙanƙara ta rufe ta, ba ƙaramin abu ba ne ka tashi a taron gari ka ce hayaƙinsa yana hana ɗanka numfashi. An ɓata da wasu, an kira wasu baƙin birni masu son a canza wa mutane al'ada. Amma ƙorafinsu ne ya motsa hukuma. Vermont ta riga kowa, tun 1997 ta ce a bar tazarar ƙafa 200 tsakanin tukunya da gidan maƙwabci. Connecticut ta bi sahu a 2005. New York, daga 2011, ta ce sabuwar tukunyar gida ta nisanci iyakar fili da ƙafa 100, bututunta kuma ya kai ƙafa 18. EPA ta fara da lallashi a 2007, ta ce kamfanin da ya ga dama ya kawo tukunyarsa a auna. A 2015 ta mai da abin doka, ta sa wa ƙurar hayaƙin iyaka a kan 0.32 a ma'aunin da take amfani da shi. Daga 15 ga Mayu, 2020, iyakar ta sauko zuwa 0.10, ko 0.15 idan da itacen faskare aka yi gwajin.

Maƙeran kuma sun yi abin a yaba. An yi ta cewa doka za ta kashe sana'ar, wasu ƙananan kamfanoni ma sun rufe, amma waɗanda suka tsaya sun sake ƙira tun daga tushe, suka ɗauki darasi daga Ostiriya da Jamus da Denmak, inda aka daɗe ana ƙera tukunyar da ke cinye hayaƙinta. Sabuwar tana da ɗaki biyu. A na sama itace ke gasuwa. Fanka ta danna hayaƙin ƙasa, ya ratsa ta cikin garwashi, ya bi ta wata 'yar tsaga a cikin tubalin da ke jure wuta, a can a ƙara masa iska. Idan aka leƙa ɗakin ƙasa, harshen wuta ake gani yana feshi ƙasa da gurnani, zafinsa ya haura digiri 1,000. Sai bayan komai ya ƙone ne zafin ke bi ta bututun da ruwa ya kewaye. Ka koma waje ka ɗaga kai, bakin bututu ba komai sai iska mai rawa, ko farin tururi da ke ɓacewa kafin ya yi nisa. Masu sayarwa suna cewa tana cin rabin itacen tsohuwa. Ko bai kai rabi ba, duk mai faskare da ya sauya ya ji sauƙin a kafaɗarsa.

Babbar jinjinata tana ga magidancin da tsohuwar tukunyarsa ke aiki lafiya, babu dokar da ta tilasta shi, amma ya cire ta ya sa sabuwa. Kuɗin yakan haura dala 10,000 tun kafin a yi lissafin bututu da haƙa. Ya biya ne don iskar da wasu za su shaƙa. Allah ya saka masa da alheri.

To, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sayen tukunya mai takardar shaida rabin aikin ne, kuma shi ne rabin da ya fi sauƙi.

Abu na farko, wanda ya fi kowane nauyi, shi ne bushewar itace. Itacen da aka sare yau kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Sabuwar tukunya tana son wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba. Idan aka cusa mata ɗanye, zafin da ya kamata ya kunna hayaƙi sai ya tafi wajen ƙafar da ruwa, ɗakin ƙasa ya huce, wutarsa ta mutu, tukunyar dala dubu goma ta koma yin abin da tsohuwar ke yi. An saba jin masu tsohuwar suna alfahari da cewa tasu ba ta zaɓen abinci, ɗanye da busasshe da gungume sukutum duk haɗiyewa take. Wannan ɗabi'ar ita ce ta fi wuyar sauyawa, domin ta fi ƙarfen daɗewa a gidan. Gungumen da ba a faskara ba yana iya shekara a kwance cikinsa na jiƙe. Sai an tsaga shi, an ɗaga shi daga ƙasa, an rufe samansa an bar gefensa iska na ratsawa. Itace mai laushi yakan bushe a rani ɗaya. Mai tauri, irin wanda suke kira oak, sai ya shekara biyu. Ma'ana, wanda zai kunna tukunya bana, tun bara ko bara waccan ya kamata ya yi faskarensa. Akwai 'yar na'urar auna danshi mai tsinke biyu, kuɗinta bai kai na tankin mai ɗaya na mota ba. Ana tsaga itacen sabo a soka tsinken a tsakiyarsa, domin bayansa yakan bushe ya yaudari mutum. Ko babu na'ura, kunne yana faɗa: busassu biyu idan aka gwara su ƙara suke yi ƙal-ƙal, ɗanyu kuwa dum. A cikin wuta ɗanye yana tsuwa, kumfa na fitowa ta bakinsa.

Sai girma. Mai saye yakan ce a ba shi babba don kada ya riƙa fita sau biyu cikin dare, wani mai sayarwa kuma ba zai hana shi ba. Tukunyar da ta fi ƙarfin gida takan kai ruwa zafi da wuri, ta rufe iska, ta wuni a kwance, kuma a kwancen ne hayaƙi yake. Daidai shi ne a lissafa zafin da gidan ke zubarwa a dare mafi sanyi, a toshe kafofin taga da rufi tukuna, sannan a sayi wadda ta dace. Mutanen Turai sun warware wannan da babban tankin ruwa mai rufi: a ƙona itacen gaba ɗaya da wuta mai ƙarfi, a tara zafin a tanki, gida ya riƙa ɗiba a hankali bayan wutar ta mutu. Shirin tallafin da jihar New York ta soma a 2014 ya sa tankin cikin sharuɗɗansa, kuma a ganina daidai ta yi. Saboda wannan dalilin dai, kunna tukunya da rani don ruwan wanka kawai zalunci ne. Lokacin ne ta fi kwanciya, lokacin ne kuma tagogin mutane ke buɗe.

Bututun ƙasa shi ne inda araha ba ta ado. Wanda ya sayi mai rufin banza, ruwan ƙasa zai shiga rufin ya jiƙa shi, zafi ya riƙa tsiyaya cikin turɓaya. Alamar ba ta ɓuya. Da safe fili duk fari fat da ƙanƙara, sai ka ga wani layi baƙi ya miƙe tun daga tukunya har gindin gida, inda ƙanƙarar ta narke. Mai wannan gida ƙasa yake ɗumamawa, kuma kowane itace na ƙari da zai zuba don cike giɓin, hayaƙi ne na ƙari a unguwa. Ruwan tukunyar ma yana son kulawa, a zuba masa maganin tsatsa, a auna shi duk shekara.

Wurin kafawa kuwa, tazarar da doka ta faɗa ita ce mafi ƙaranci. Doka ba ta san ta ina iska ke kaɗawa a gidanka ba. Ba ta san kana kan tudu maƙwabcinka yana kwari ba, alhali a daren sanyi marar iska hayaƙi gangarawa yake ya kwanta a kwari, iska mai ɗumi ta rufe shi daga sama. Garin Fairbanks na Alaska ya ɗanɗana wannan, har a 2009 aka sa yankin cikin wuraren da iskarsu ta gaza ma'aunin ƙasa. Akwai filin da ko wace irin tukunya aka sa a cikinsa za ta cutar da wani. Mai irin wannan fili ya haƙura, ya nemi wata hanyar ɗumi. Haƙƙin maƙwabtaka ya fi ƙafa 100.

Batun shara ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙofar tukunya babba ce, tana jan hankalin mutum ya jefa leda da taya da katako mai fenti. Doka ta hana, kuma tsohon katakon da aka jiƙa da maganin gara, wanda aka daina sayar wa gidaje a ƙarshen 2003, guba ce zalla a hayaƙinsa da tokarsa. Haka nan ɗauko itace daga nesa. Wani ɗan koren ƙwaro da aka fara gani kusa da Detroit a 2002 ya kashe miliyoyin itatuwan ash, kuma a cikin itacen wuta ya yi yawancin doguwar tafiyarsa. A sare a kusa, a ƙona a kusa.

Hukuma ma ba ta gama nata ba, kuma nata ya fi damuna. Dokar 2015 sababbin tukwane kaɗai ta shafa. Tsofaffin suna nan suna aiki, ƙarfe ne mai kauri da zai iya shekara 20, wasu kuma idan an cire su a nan sai a sayar da su hannu-da-hannu su koma hayaƙi a wani ƙauyen. Yawancin masu su ba mugaye ba ne, kuɗin sauyawa ne babu. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ba da rangwamen haraji na kashi 30, iyakarsa dala 2,000, har zuwa ƙarshen 2025, amma rangwamen haraji mai biyan haraji da yawa yake amfana, ba tsohon da ke zaune a kan ɗan fansho ba. Abin da ke aiki shi ne a biya mutum ya kawo tsohuwar a farfasa ta, kamar yadda Vermont ta yi, kamar yadda hukumar yankin Fairbanks take yi tun 2010. Irin wannan shiri ya kamata ya kai kowace jiha mai sanyi.

Ita kanta takardar shaidar tana da rauni. An daɗe ana gwajin da katakon da aka yanka daidai wa daida aka jera da tazara, abin da babu magidancin da ke zubawa a wutarsa. A 2021 NESCAUM da hukumar muhalli ta Alaska suka bi takardun gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya, suka tarar da giɓi da kurakurai masu yawa. A Fabrairun 2023 babban sufeton EPA da kansa ya ce tsarin bai ba da tabbacin cewa an gwada na'urorin yadda ya kamata kafin su isa kasuwa ba. A shekarar ne jihohi 10, ciki har da Minesota da Vermont da Alaska, suka kai hukumar ƙara don ta sake duba ƙa'idojinta. Mutumin da ya fitar da kuɗinsa saboda ya yarda da hatimin gwamnati, haƙƙinsa ne hatimin ya zama gaskiya. Kafin a gyara, mai saye ya duba jerin da EPA ke wallafawa, ya fifita wadda aka gwada da itacen faskare, sannan ya je gidan wani da ya yi hunturu biyu da irinta, ya tsaya ya kalli bakin bututunta da idonsa.

Ku masu tukunyar waje, kun riƙe gidajenku da ƙarfinku a ƙasar da sanyi ke kisa, kuma da yawanku kun karɓi gyara lokacin da aka nuna muku cutar da hayaƙi ke yi. A gaishe ku. Wanda ke shirin saye a cikinku, ya fara da faskaren itacen baɗi tun yanzu, kuma kafin ya zuba simintin daɓe ya taka zuwa gidan maƙwabcinsa, su tsaya tare su ga ta ina iska ke bi. Wanda kuma ya cire tsohuwa, don Allah kada ya sayar da ita, ya kai ta wurin masu narka ƙarfe.